Da Aka Tambaye Ni 'Ya'yana a London

Tun da muka dawo ban huta ba. Matan unguwarmu a Ƙanƙara, da malaman da muke koyar da yaƙi da jahilci tare, har da ƙannena da suka taso takanas daga Tafoki, kowa tambayarsa ɗaya: yaya Turai, kuma me ya hana ku zuwa Faransa bayan kun cika mana kunne da ita? Na gaji da ba da labarin gutsi-gutsi, wannan ta ji farko, waccan ta ji ƙarshe. Shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya. Wadda ta iya karatu ta karanta wa wadda ba ta iya ba.

Ba wannan ne zuwana na farko ba. Ina amarya gwamnati ta tura Malam, maigidana, kwas ɗin aikin gona a Ingila, ya tafi da ni, muka yi shekara biyu. A can na yi haihuwar fari. Da muka dawo aka yaye yaron, sai yayar Malam, Goggo Hajara ta Ketare, ta zo ta goya shi ta tafi. Kun san yadda muke da ɗan fari. Ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa yi masa wasa a gaban mutane ba, in kuma aka tambaye ni 'ya'yana ba na sa shi a lissafi. Ɗan Goggo nake ce masa. Shi kuma Yaya yake ce mini, yadda ya ji ƙannena suna faɗa, Goggo kuwa Inna yake ce mata.

Da kuɗin man fetur suka zo aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, kowa da inda ya zuba nasa. Wani babur, wani rediyo mai kaset, wani kwanon rufi. Malam ya ce shi Turai zai koma hutu, kuma da Ɗan Goggo za a je ya ga inda aka haife shi, tunda ya kai shekara ashirin, ya gama sakandare, har ya sami gurbi a makarantar aikin gona a Zariya. Ya zana tafiyar a takarda kamar yadda yake zana kunyoyin gonar gwaji: mako ɗaya a Ingila, mu hau jirgin ruwa zuwa Faransa, daga nan mu wuce Holan ya ga shanun madara. Na ce mutum ya bar shanun Faskari kaf ya tafi kallon na wasu. Ni dai Faransa nake so, don tun wancan zuwan nake jin labarin yaduddukansu.

A Kaduna ni da Malam muka sami fasfo, kore shar. Na yaron ne ya tsaya. Takardar haihuwarsa ta Ingila tana ɗauke da sunan Malam a matsayin uba, takardun makaranta kuwa suna ɗauke da sunan mijin Goggo, don shi ya kai shi aji ɗaya ya kuma ba da sunansa, ba wanda ya ga laifin haka. Aka ce sai an je kotu an daidaita, ga shi ranar tafiya ta matso. Sai wani abokin Malam ya ce, me za ku wahalar da kanku, yaron da aka haifa a Ingila? Ku kai takardar haihuwar ofishin Turawa. Aka kai, cikin 'yan kwanaki suka ba shi nasu fasfon, shuɗi mai duhu. Muka yi ta murna muna cewa yaro ya zama ɗan ƙasa biyu. Ba wanda ya tambayi ko ƙasar tamu ta yarda da hakan.

Ranar tafiya muka biya Ketare ɗaukarsa. Goggo ta haɗa mana kuka da daddawa da yaji da kilishi, kamar waɗanda za su ƙasar da ake yunwa. Ta riƙe ƙofar mota ta ce, "Ku maido mani ɗana yadda na ba ku shi. Kak ku bari su ba shi alade, kak ku bari shi kwaso mani jar mace."

Malam ya ce, "Haba Yaya, sati ukku ne hwa."

Ta ce, "Sati ukku ba ya isa a lalata mutum ba?"

Muka bi ta Malumfashi muka shiga Kano. A filin jirgi mai duba takardu ya juya shuɗin fasfon, ya dubi yaron da hularsa da tsagen gidansu, ya yi dariya ya ce, "Ashe da Bature kuke tafe. To kun shirya masa ta dawowa?" Malam ya ce ai gida zai dawo, wane shiri kuma. Mutumin ya buɗe baki zai ƙara magana, na baya suka matso, muka wuce.

Wancan karon ta ruwa muka je daga Ikko, mako biyu ina amai. Wannan karon kafin in gama mamakin ɗan farantin abincin da aka ajiye mini, mai ɗaki-ɗaki kamar gidan tsana, har an ce mu ɗaura ɗamara za a sauka. A London layi biyu ne, na 'yan ƙasa da na baƙi. Ɗan Goggo, wanda tun da ya yi wayo bai taɓa wuce Zariya ba, ya bi gajeren layi aka ce masa barka da dawowa gida. Malam da ya yi musu karatu shekara biyu ya tsaya a dogon layi yana amsa tambayoyi, kwana nawa za ka yi, gidan wa za ka sauka. Abin ya ba ni dariya, shi bai ba shi ba.

Sai kwastan. Baturen ya buɗe gwangwanin daddawa ya kai hanci, ya ja da baya, ya tambaya ko wani abu ne ya mutu a ciki. Malam ya gyara tsayuwa ya fara masa bayanin itacen ɗorawa tun daga fure har kalwa, da yadda ake dafawa a rufe kwana uku. Bai kai rabi ba mutumin ya rufe gwangwanin ya ce mu tafi da abinmu. Kilishin ne ya riƙe, wai ba a shiga da nama. Har yau ina zargin a cikinsa ya ƙare.

Mun sauka a gidan da muka zauna da, a wani gari mai tafiyar awa guda a jirgin ƙasa daga London. Mai gidan, Madam Doris, ta tsufa, mijinta ya rasu, amma bakin nan yana nan. Tana buɗe ƙofa ta wuce ni, ta wuce Malam, ta rungume Ɗan Goggo ta sumbace shi a kumatu biyu tana kuka, tana kiran sunansa. Yaron ya sandare kamar an dasa shi. A bangon falonta kuwa, cikin hotunan 'ya'yanta, ga hotona a gadon asibiti ina rungume da shi. Ta jawo shi ta nuna masa. Ni na sami abin yi da igiyar jakata.

Wannan shi ne abin da ya fi ba ni mamaki da su, har yanzu. Ɗan fari shi ne abin taƙamarsu. Madam Doris ba ta minti goma ba ta ambaci babban ɗanta ba, mai garejin gyaran mota, ta faɗi sunansa gatsal, ta yaba shi a gabansa, shi kuma ya zauna yana murmushi ko kunya babu. Amma maƙwabcin da suka yi shekara talatin katanga ɗaya, in sun haɗu sai dai a ɗaga gira a ce yau akwai rana. Karenta yana da gadonsa da bargonsa. Ana ajiye kwalaben madara a ƙofar gida tun asuba ba mai taɓawa. Da yamma maza su taru a wani ɗaki a ƙarshen layi suna sha suna musu, na ce wa Malam wannan ai zaman Maguzawan bayan Tafoki ne ranar da aka sauke burkutu, rufi kawai aka yi masa. Rana kuma ba ta san lokacin faɗuwa ba. Na yi alwalar magariba har ta karye sau biyu gari bai yi duhu ba.

Abinci dai yana nan yadda na bar shi: dankali dafaffe, kabeji dafaffe, nama mai sanyi an yanka shi siriri har kana hango faranti ta cikinsa. Yajin Goggo ne ya cece mu. Ɗan Goggo kuwa komai ya burge shi. Ya wuni a garejin nan yana leƙa cikin injuna, ya dawo da baƙin mai har gwiwar hannu.

Rana ta biyar muka shiga London wurin masu sayar da tikiti, don a kama mana jirgin ruwan ranar Asabar, a kuma tabbatar da ranar komawarmu gida. Matar ta jera fasfo uku a gabanta ta ce, shiga Faransa mu biyu muna bukatar biza, shi ba ya bukata. Shiga Najeriya kuwa mu ba ma bukata, shi yana bukata. Malam ya yi dariya ya ce yaron Ketare ne zai nemi izinin shiga Ketare? Ta ce ita dai abin da fasfon ya ce take faɗa, mu je ofishin ƙasarmu.

A can muka sami wani jami'i matashi, mutumin kudu, mai natsuwa da ladabi. Ya zaunar da mu ya yi mana bayani dalla-dalla. Ƙasarmu ba ta yarda mutum ya riƙe biyu ba. Wanda aka haifa a waje yana da zuwa shekara ashirin da ɗaya ya zaɓa, yaron kuwa 'yan watanni suka rage masa. In ya koma da shuɗin fasfo, baƙo ne, za a ƙidaya masa kwanaki, kuma gurbin Zariya na 'yan ƙasa ne. In kuwa an tabbatar ɗanmu ne, sai ya ajiye shuɗin a ba shi takardar komawa gida. Amma tunda takardunsa sun nuna uba biyu, sai ya ji daga bakin iyaye, ɗaya bayan ɗaya.

Malam ya fara, ya fito. Aka kira ni. Yaron yana zaune a kujerar baya cikin ɗakin. Jami'in ya tambaya ko a nemo mai fassara, na ce a'a, don ina ji da ɗan Turancina. Ya tambayi sunana, da garinmu, da shekarar aurena, duk na amsa ina jin daɗin kaina. Sai ya ce 'ya'yana nawa.

Na ce huɗu. Hadiza, Musa, Binta, Isa.

Ya nuna bayana da alƙalami ya ce, wannan fa?

Na ce ɗan yayar mijina ne.

Wallahi ban yi tunani ba. Amsar ta fito ne yadda "lafiya lau" take fitowa in an gaishe ka, ko da kana kwance ba lafiya. Shekara ashirin ina ba da ita. Sai da na ga ya rubuta ya ajiye alƙalami sannan na gane abin da na yi.

Ya kira Malam ya ce uba ya faɗi ɗaya, uwa da takardar makaranta sun faɗi wani, shi ba zai iya sa hannu ba. Malam ya shiga bayanin kunyar ɗan fari. Mutumin ya saurara har ƙarshe, ya ce ya yarda akwai haka, ko da yake su a wurinsu da sunan ɗan fari ake kiran uwa har ta mutu. Amma abin da na faɗa ya shiga takarda. Sai dai mu dawo Litinin in yi rantsuwa da bakina, da mai fassara, don kada a ce harshe ne. Nan Faransa ta tafi, jirgin Asabar ya tashi ba mu.

Muna fitowa Malam ya ce, "Ke kau mi ya kai ki?"

Na ce, "Kai da ka rubuta huɗu a takardar aikinka hwa? Ko ka manta ni na ajiye ta?"

Ya kau da kai. Sai muka ji an ce daga bakin ƙofa, "Wanga harshe na Katsina ne ko kunnena ne?" Wani dattijo ne mai gadin ƙofar, cikin baƙar kwat, gashinsa fari fat. Ya ce shi mutumin Damari ne ta wajen Sabuwa. Soja ya shiga lokacin yaƙin Turawa, da aka gama ya biyo wani hafsa nan, ya ce zai yi shekara ɗaya ya tara abin aure. Ya riƙe hannun Malam ya ƙi saki. Ya tambayi farashin dawa, ya tambayi ko mota tana shiga Damari yanzu da damina, ya tambayi mutanen da duk sun daɗe a ƙasa. Ya ce rasuwar mahaifiyarsa sai bayan shekara uku ya ji, a bakin wani ɗalibi. Da Malam ya gaya masa abin da ya faru, bai yi dariya ba. Ya dube ni ya ce, "Ɗiyata, ni ne mai fassarar. Sai Litinin ɗin."

Kwana ukun nan ba su yi daɗi ba. Madam Doris da ta ji labari ta ce ita ba ta ga abin damuwa ba. Ga ɗaki, ga gareji, ga makarantar koyon injiniya a garin, yaro ɗan ƙasa ne, ya zauna mana. Da zuciya ɗaya ta faɗa, amma na ji kamar in shaƙe ta. Shi kuwa bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya daina ba da labarin injuna, in an zuba abinci ya ci kaɗan ya tashi.

Ranar Lahadi da rana na karɓi kicin ɗin na ce yau tuwo za a ci. Na sami garin shinkafa a kantin wani Ba'indiye, na kaɗa kuka. Ina cikin tuƙi ya shigo ya tsaya a bakin taga, ya ba ni baya. Ba mu saba zama ɗaki ɗaya mu biyu ba.

Ya ce, "Yaya, in na zauna nan, wa zai rasa wani abu? Inna tana da ɗiyanta bakwai. Ke kina da huɗu."

Ba da faɗa ya faɗa ba, tambaya ce yake son amsarta. Na ci gaba da tuƙa tuwon da ya riga ya tuƙu. Ya jira, ya jira, ya fita. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba, kuma ban taɓa jin haushin kaina haka ba. Ni a zatona ya sani. A zatona kowane ɗan fari ya san abin da ke ƙarƙashin shirun.

Litinin muka koma. Jami'in yana zaune, yaron yana kujerar baya, Malam an bar shi a waje, Baba na Damari yana tsaye a gefena da Alƙur'ani a naɗe cikin ƙyalle. Sai na ga ashe na ƙara wa kaina wuya. Faɗa wa baƙo da Turanci abu ne mai sauƙi a kan faɗa da Hausa a gaban dattijo sa'an ubana. Na dafa, aka yi tambayar, harshena ya yi nauyi. Baba ya dube ni, sai ya juya a hankali ya fuskanci bango, ya ce, "Ni ba ni nan. Bango ne ke ji."

Na ce, "Ɗana ne. Ni na haife shi, ranar Talata da hantsi, a garin nan da muka sauka."

Aka tambayi sunansa.

Na ce, "Abubakar."

Daga nan ban san abin da ya kama ni ba. Ba a tambaye ni ba na ci gaba. Na ce ranar da aka goya shi aka tafi Ketare, a makewayi na yi kukana kwana uku don kada a gani. Na ce duk zuwan da nake yi kasuwar Ketare sayen kalwa, ba kalwa ke kai ni ba, muna da ɗorawa a gonarmu, makarantarsu ce a bakin hanya. Na ce in an ce in ƙirga, da shi nake farawa a zuci sannan in ɗaga murya a kan na biyu. Baba yana fassarawa yana fuskantar bango, ban san nawa ya faɗa nawa ya bari ba. Jami'in ya ɗaga hannu ya ce ya isa.

Sannan ya kira yaron gaban tebur. Ya ce masa ya yi tunani da kyau, mutane da yawa suna neman abin da ke hannunsa ba su samu ba, in ya ajiye kuma ya ajiye ke nan. Yaron ya zaro shuɗin fasfon daga aljihu ya tura masa. Ya ce ya gama tunani.

Sauran kwanakin a zirga-zirgar takardu suka ƙare, ofishin nan da na Turawa. Holan ma ba a je ba, Malam ya haƙura da shanun wata gona a bayan gari. Yadin da na rabar muku a London na saya, wadda na ce wa na Faransa ne ta yafe mini. Mun sauka Kano lafiya, mun miƙa wa Goggo ɗanta, ta juya shi gaba da baya ta ce ya rame. Yanzu yana Zariya.

Abu ɗaya ne ban faɗa a zaman tsakar gida ba. Ranar Litinin ɗin nan, da muka hau jirgin ƙasa za mu koma masauki, jirgin a cike yake. Kujerar da ta rage ta sa ya zauna kusa da ni, Malam yana fuskantarmu. Ashe kwana ukun nan bai yi barcin kirki ba. Jirgi bai yi nisa ba kansa ya fara lilo, ya zo ya sauka a kafaɗata. Rabon da jikina ya taɓa nasa tun ranar yaye. Na dubi Malam, Malam ya dubi taga ya ƙura wa gonakin mutane ido. Kafaɗar ta yi tsami har hannuna ya mutu, ban motsa ba. Na ga sunan tasharmu ya zo, jirgi ya tsaya, mutane suka sauka. Malam ya gani, ni ma na gani. Tasha biyu muka wuce kafin ya farka.